Ku Tambayi Malam: Wai Madara Ba Narkewa Take Yi Ba?

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar na sakandare a Zariya, dan Allah ina da tambaya kan kemistiri. Malaminmu ya ce ruwan gishiri da ruwan sukari su ne solushan na gaskiya, amma madara da koko wai koloyid ne. Ni kuma da na koma gida na dama madarar gari na tace da rariya, na sake tacewa da farin tsumma mai tsabta, wallahi ba abin da ya tsaya, na ajiye ta har dare ba abin da ya kwanta a ƙasa. To ina bambancin yake? Na haddace abin da ke littafi amma gaskiya ban gane ba, ga WAEC na tafe baɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka. Na ji daɗin wasiƙar nan sosai saboda ba ki tsaya kan hadda ba, kin tashi kin gwada da hannunki, kuma abin da kika gani daidai ne, koloyid yana wuce rariya yana wuce tsumma, kai har takardar tacewa ta lab ma wucewa yake abinsa. Gwajin da kika yi ne dai ba zai iya raba su ba. Ga wanda zai raba su nan, yau da daddare ki yi shi.

Ki samu kofin gilas guda uku masu haske. Na farko ki zuba ruwa mai kyau ki narkar da sukari cokali ɗaya, na biyu ki zuba ruwa ki ɗiga madara kamar ɗigo uku ko huɗu kawai kar ki cika, na uku ki jefa ɗan yashi ki juya. Ki huda ƙaramin rami a jikin kwali ki rufe bakin tocilan da shi yadda hasken zai fito siriri, ki kashe fitilar ɗaki, ki haska kowane kofi ta gefe ke kuma kina kallo ta gaba. A kofin sukari hasken zai shiga ya fice ba za ki ga sawunsa a cikin ruwan ba. A kofin madara kuwa hanyar hasken za ta fito ɓaro-ɓaro kamar an ja layi da alli, in kin lura ma har da ɗan shuɗi-shuɗi. Na yashi kuwa kafin ki gama gyara tocilan ya riga ya kwanta a gindin kofi ya bar ruwa a sama.

Kin sha ganin abin nan ba tun yau ba. Ki tuna ɗakin girki da safe in hayaƙi ya turnuƙe, rana ta leƙo ta wata huda a rufi, sai ki ga sandar haske a tsaye tun daga sama har ƙasa, ko fitilar mota da daddare lokacin hunturu in hazo ya sauko. A iska mai tsabta ba a ganin wannan sandar, ɓurɓushin hayaƙi da ƙura ne ke tare hasken suna watsa shi gefe-gefe har ya iso idonki. Wani masani ɗan ƙasar Ailan mai suna John Tyndall ne ya yi nazarinsa sosai wajen 1869, shi ya sa a littafinku za ki ga an laƙaba wa abin sunansa.

To me ya sa sukari bai watsa haske ba? Duk maganar girma ce. Ki ɗauki rula ki kalli milimita ɗaya, ɗan ƙaramin layin nan, ki raba shi gida miliyan ɗaya, kowane gida shi ne nanomita ɗaya. Kaurin silin gashi guda yana kai nanomita 50,000 zuwa 100,000. In gishiri ya narke rabuwa yake har zuwa ƙarshen rabuwa, sinadarai biyun da suka haɗu suka yi shi su rabu, sodiyam ya yi nan kulorayid ya yi can, kowanne bai kai rabin nanomita ba, sukari ma molekul ɗai-ɗai, wato mafi ƙanƙantar ƙwayoyinsa, yake watsewa kowanne wajen nanomita ɗaya, ruwa ya kewaye su ya zama ba inda za ki nuna ki ce nan ruwa ne nan sukari ne. Wannan shi ne solushan na gaskiya. Ta ɗaya gefen kuma in ƙwayoyin sun haura nanomita 1000 nauyinsu zai rinjaye su, su kwanta, irin yashin nan ko kamu a ruwan sanyi ko maganin yara na kwalba da ake cewa a girgiza kafin a ba su, shi ake kira sasfenshan. Abin da ya faɗo tsakani, daga nanomita 1 zuwa 1000, shi ne koloyid, ya yi ƙanƙantar da ba zai kwanta ba kuma tacewa ba ta kama shi, amma ya yi girman da haske zai yi tuntuɓe da shi, kuma har yanzu yana nan a matsayin abu daban cikin ruwan bai saje ba.

Sunan ya samo asali ne a 1861. Thomas Graham, mutumin Glasgow a Sikotilan, ya ɗaure bakin mazubi da wata irin takarda mai kama da fata ya tsoma cikin ruwa, sai ya ga gishiri da sukari suna ratsa ta da sauri su fita, amma ƙaro da sitaci da farin ƙwai da jelatin sun maƙale sun ƙi wucewa. Sai ya kira rukunin farko kiristaloyid, na biyun kuma koloyid, daga kalmar Girkanci kolla, ma'ana abin liƙi, irin gam. A ganinsa abubuwa iri biyu ne daban tun daga halitta, amma daga baya aka gano ba haka ba ne, abu ɗaya yana iya zama wannan ya iya zama wancan, ya danganta da inda aka saka shi. Sabulu a cikin alkohol solushan ne na gaskiya, a cikin ruwa kuwa koloyid ne. Ki riƙe wannan da kyau don nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa, koloyid hali ne da abu ke shiga, kamar yadda ruwa ke zama ƙanƙara ko tururi.

Saura tambayar da ni na fi so, me ya hana su kwanciya tunda dai suna da nauyi ko yaya ne? Abu biyu ne. Na farko ruwa ba a zaune yake ba ko da kin gan shi shiru a kofi, molekul ɗinsa kullum a guje suke suna karo da duk abin da suka samu. Dutse ba zai ji wannan dukan ba, amma ƙwayar da ba ta wuce nanomita ɗari biyu ba ji take, wannan ya hankaɗe ta nan wancan ya hankaɗe ta can, kamar ƙaramin yaro da ya faɗa cunkoson kasuwar Kwari ana gobe Sallah, ko ya so ya durƙusa ba za a bar shi ba. Robert Brown, masanin tsirrai, ya ga wannan rawar da idonsa a madubin ƙara girma a 1827 yana kallon ɓurɓushin da ya fito daga garin fure, bai san dalili ba, sai a 1905 Albert Einstein ya kawo lissafin, Jean Perrin na Faransa kuma ya auna ya tabbatar daga 1908, aikin da ya sa masu gardamar cewa babu atom, wato ƙananan ƙwayoyin da kowane abu ya ginu da su, suka saduda, shi kuma ya samu kyautar Nobel a 1926. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci a rayuwar yau da kullum, ƙwayoyin koloyid yawanci suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya a jikinsu, duk nagatif ko duk fozitif, kin san kuma iri ɗaya ture juna suke, to ba sa samun damar manne wa juna balle su yi girman da za su nutse. Wasu kuma rigar ruwa ko ta wani abu mai danƙo suke sanye da ita da ke hana su haɗuwa. Duk ranar da aka cire cajin nan ko rigar nan shi kenan sun dunƙule, za ki ga misali a wasiƙun da ke ƙasa.

Yadda ake samar da shi kuwa hanya biyu ce, ko ki sauko daga sama ko ki hau daga ƙasa. Saukowa daga sama shi ne a ɗauki babban abu a farfasa shi har ya kai wannan ƙanƙantar, kamar yadda ake niƙa launi a kamfanin fenti, ko yadda kamfanin madara ke matsa madara da ƙarfi ta ƙananan kafofi don a fasa ɗigon mai ya yi ƙanana, shi ya sa madarar gwangwani ba ta tara mai a sama irin ta shanu da aka tatso yanzu. Koko ma nan yake, kamu a ruwan sanyi kwanciya yake saboda ƙwayar sitaci tana da dubban nanomita, amma da kin sheƙa tafasasshen ruwa zafi ya haura digiri 60 zuwa 70 sai ƙwayoyin su kumbura su fashe, dogayen zaren sitaci su fito su bazu cikin ruwa, koko ya yi kauri, in ya huce kuma zaren su sarƙe ya daskare. Hawa daga ƙasa kuma shi ne ƙananan molekul su taru su taru har su kai girman koloyid sai su tsaya nan. Gajimare haka yake haɗuwa, tururi ne ya taru ya zama ƙananan ɗigo a iska. A lab in an ɗiga ruwan ferik kulorayid cikin tafasasshen ruwa nan take za ki ga ya koma ja mai duhu, ki roƙi malaminku ya nuna muku wannan, minti biyar bai kai ba. Sabulu ma in ya yi yawa a ruwa molekul ɗinsa taruwa suke su yi ƙwallo-ƙwallo, wutsiyarsu mai son maiƙo a ciki, kansu mai son ruwa a waje, cikin ƙwallon nan suke ɓoye maiƙon kwano su tafi da shi.

Gaskiyar magana dai madara kanta duk ukun ta haɗa. Sukarin cikinta da gishirinta narkewa suka yi tsaf, furotin ɗinta da ake kira kesin koloyid ne, manyan ɗigon mai kuma su ne ke tasowa sama in an ajiye ɗanyar madara ta kwana. A jarrabawa in an tambaye ki ki rubuta koloyid, irin wanda ake kira imalshan, wato ruwa-ruwa cikin ruwa-ruwa, amma ke ki san abin ya wuce haka.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Sana'ata awara ce a nan Maraɗi, shekara tara kenan. Ina so in san me ruwan tsami yake yi wa madarar waken suya da take haɗewa haka nan take, sannan me ya sa wata rana ta ƙi kamawa ruwan ya tsaya fari, wata rana kuma ta kama amma ta yi tauri tana marmashewa, alhali waken ɗaya ne hannun ɗaya ne?

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Ke kullum aikin da kike yi shi ne ki gina koloyid da safe ki rushe shi kafin azahar. Lokacin da kika jiƙa wake kika kai markaɗe kika tace, furotin ɗin waken da mansa sun bazu cikin ruwa ƙanana-ƙanana, kowace ƙwaya na ɗauke da caji nagatif suna ture juna, shi ya sa madarar take fara sol ba ta rabuwa. Ruwan tsami, ko na kamu ne ko tsamiya ko lemon tsami, yana shigowa da caji fozitif ya kashe wancan, da tsamin ya kai wani mataki, wajen 4.5 zuwa 5 a ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda lambarsa ke sauka in tsami ya ƙaru, sai turewar ta ƙare, ƙwayoyin su rungumi juna su yi curi-curi su taso, ruwan ya koma garai-garai mai ɗan rawaya. Wannan ruwan da ya washe shi ne alamarki, in har yana nan fari to da sauran furotin a ciki, kuɗinki ne za ki zubar.

Ranar da ta ƙi kamawa ki duba abu biyu. Ko dai madarar ba ta tafasa sosai ba, don furotin ɗin wake a naɗe yake kamar ƙullin zare, zafi ne ke warware shi ya fito da wuraren da zai kama ɗan'uwansa, in bai warware ba ko kin zuba tsami kamun ba zai yi ƙarfi ba. Ko kuma ruwan tsamin ne bai yi tsami ba, kin san ruwan kamu na jiya da na kwana uku ba ɗaya ba ne, kuma lokacin sanyi ya fi jinkirin yin tsami, to in kina auna shi da kofi ɗaya kullum dole wata rana ya gaza. Ranar da ta yi tauri kuma yawanci tsamin ne ya yi yawa ko an sheƙa shi gaba ɗaya a wuri ɗaya ana juyawa da ƙarfi, curin ya matse da sauri ya tsiyaye ruwan jikinsa. Ki rage wuta, ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina zagaya tukunya, ki ɗan dakata tsakani, da ruwa ya washe ki tsaya ko da akwai saura a kofi.

Nono da kindirmo ma haka ne, sai dai su ƙananan halittun da ido ba ya gani, wato bakteriya, ne ke cin sukarin madara suna fitar da tsami a hankali, daga pH wajen 6.7 na sabuwar madara har ya sauko 4.6 inda kesin ke haɗewa. Cukun Fulani da ake kira wara kuwa da ake saka masa tumfafiya hanyarsa daban ce, akwai wani sinadari a jikin tumfafiya da ke yanka furotin ɗin madarar ya cire masa rigar da ke kare shi, shi ya sa wara take kamawa ba tare da ta yi tsami ba.

TAMBAYA: Malam mu a ƙauyenmu cikin jihar Zamfara da damina ruwan rafi muke sha, ja wur yake zuwa. Na taɓa ajiye shi a randa kwana uku, yashi ya kwanta amma ruwan bai washe ba, da aka juya alif a ciki kuwa kafin a yi sallar la'asar ya yi fes. Shin in ya yi fes haka ya zama lafiyayye? Yarana ƙanana ne shi ya sa na damu.

AMSA: Ɗan'uwa bari in fara da ƙarshen tambayarka don ita ce ta fi damuna. A'a, bai zama lafiyayye ba. Alif, wanda wasu ke ce wa alam, yana kwantar da laka kuma yana jan ƙwayoyin cuta da yawa su bi ta ƙasa, amma ba ya kashe su kuma ba ya kwashe su duka, ruwa zai iya yin garau kamar hawaye alhali masu kawo amai da gudawa da taifot suna ciki. Bayan ya washe ka tsiyaye na saman a hankali cikin wani mazubi, ka tafasa shi har ya yi ɓul-ɓul sosai, ko ka sa masa sinadarin kulorin na ruwan sha yadda aka rubuta a jikin kwalba ko ƙwayar. Dan Allah don yaran nan kar ka tsallake wannan ko da itace na wuya. Ko a gidan ruwa na birni haka jerin yake, a zuba alam a kwantar, a tace, sannan a sa kulorin a ƙarshe, kuma kwantarwar tana da amfani ƙwarai don kulorin ba ya aiki da kyau a ruwa mai laka.

Dalilin da ya sa kwana uku bai isa ba, abin da ya rage bayan yashi ya kwanta yumɓu ne mai laushin gaske, ƙwayoyinsa sun shiga girman koloyid kuma duk caji nagatif ne da su, ko wata guda ka ba su suna iya zama a rataye. Alminiyam ɗin da ke cikin alif caji fozitif uku yake ɗauke da shi a kowace ƙwaya, sodiyam na gishirin miya ɗaya ne tak, kuma tun ƙarshen ƙarni na 19 masana biyu, Schulze da Hardy, suka nuna cewa ƙarfin kwantarwa ba ninki uku kawai yake ƙaruwa ba, mai caji uku ya fi mai ɗaya sau ɗaruruwa, shi ya sa ɗan ƙaramin dunƙule ke isar randa. Bayan haka kuma yana yin wani farin abu mai kama da auduga a cikin ruwan, in ka leƙa randar bayan 'yan mintoci za ka gan shi yana yawo yana tattara datti yana sauka da shi. Kar ka cika shi, ka juya dunƙulen 'yan zagaye ka cire ka jira, in ya yi yawa ruwa zai yi bauri a baki, kuma wani lokaci cajin juyewa yake ya koma fozitif su ci gaba da ture juna, ruwan ya ƙi washewa.

In babu alif akwai 'ya'yan zogale busassu. Matan ƙauyukan bakin kogin Nilu a Sudan sun daɗe suna amfani da su, a ɓare a daka ya yi laushi, a dama da ɗan ruwa mai kyau a zuba a juya, kusan ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya ko biyu in ruwan ya yi dattin gaske. Akwai furotin mai caji fozitif a ciki da ke yin aikin alif. Sai dai ruwan zogale ba a ajiye shi ya daɗe, a tafasa a sha a ranar. Irin wannan abu ne ma ke faruwa inda kogin Kwara ya haɗu da teku, gishirin teku na taimakawa wajen dunƙule yumɓun da kogi ya ɗauko tun daga nesa ya zube shi a yankin Neja Delta.

TAMBAYA: Allah gafarta Malam, ni gardi ne a wata tsangaya kusa da Gashuwa. Mun san in aka haɗa tawada ba ƙaro to baƙin kwanciya yake a gindin kurtu kuma in ta bushe a allo hannu na goge ta. Wani ɗan boko ya ce min wai wannan ma kimiyya ce, shi ne na ce bari in ji daga bakinka.

AMSA: Allah ya ƙara wa Alaramma lafiya, ɗan bokon nan gaskiya ya faɗa, kuma ku kun riga littattafanmu sanin abin a aikace. Baƙin tukunya da gawayi ba sa narkewa a ruwa ko za a shekara ana damawa, ba sa ma son ruwa, da an bar su sai su nemi junansu su dunƙule su nutse. Ƙaro kuwa masoyin ruwa ne, jiƙa shi kawai za ka yi ya bazu da kansa, kuma molekul ɗinsa guda ɗaya ƙato ne har ya kai girman koloyid shi kaɗai. In an haɗa su sai ƙaron ya lulluɓe kowace ƙwayar baƙi, ta zama tana yawo cikin riga mai santsi, in biyu sun yi karo rigunan ne ke haɗuwa su rabu. A kemistiri ana ce masa koloyid mai kariya. In ruwa ya bushe a kan allo ƙaron ne ke riƙe baƙin ya manne, in an zo wanke allo kuma ya sake jiƙa ya saki, don koloyid masu son ruwa suna komawa yadda suke, masu ƙin ruwa kuwa in sun dunƙule da wuya su dawo. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna da baƙin hayaƙi da ƙaro suke haɗa tasu tawadar, ga rubutunsu nan har yau ana karantawa.

Ƙaron dakwara da ake tsinta a yankinku na Yobe da Borno da Jigawa, da na Chadi, da na Kordofan a Sudan wadda ta fi kowace ƙasa fitar da shi, wannan aikin dai yake yi a ƙasashen waje, kamfanonin lemon kwalba na saka shi don ya riƙe ɗigon man ɓawon lemo kar ya taso ya yi zobe a wuyan kwalba. Batun daɗewa kuma, wani masani ɗan Ingila mai suna Michael Faraday ya haɗa koloyid na zinariya a Landan wajen 1857, ruwa ja kamar yaƙutu alhali zinariya ce a ciki, kwalaben suna nan a ajiye a cibiyar da ya yi aiki, sama da shekara 160 kuma har yanzu in an haska su sandar haske na fitowa.

TAMBAYA: Malam mahaifina ne ake wa wankin ƙoda sau biyu a sati, ni nake kai shi. Kullum ina zaune ina kallon jini na fita yana dawowa, ina mamakin yadda na'urar ke sanin datti ta cire ta bar jinin. Ka taimaka ka fahimtar da ni.

AMSA: Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne, kai kuma Allah ya saka maka da alheri. Na'urar ba sani take ba, gwajin Graham ne na 1861 da na ba ɗalibar can labari a sama, shi ne ma ya raɗa wa hanyar suna dayalisis. Wannan gwangwanin roba mai tsawo da kake gani a jikin na'urar cike yake da dubban siraran bututu kamar gashi, jini na bi ta cikinsu, ruwan wanki na bi ta wajensu, bangon kowane bututu kuma yana da kafofi ƙanana ƙwarai. Dattin da ƙoda ta kasa fitarwa, irin su yuriya da fotasiyam da ya yi yawa, narkakku ne na gaskiya, ƙanana ne, sai su ratsa bangon su bi ruwan wanki. Furotin ɗin jini kuwa kamar albumin koloyid ne, ya fi yuriya nauyi sama da sau dubu, kafar ta yi masa kaɗan, ƙwayoyin jini ja da fari kuma sun fi shi girma nesa ba kusa ba, duk sai su zarce su koma jiki. Ruwan wankin da gangan ake saka masa gishirin da jiki ke buƙata daidai gwargwado, don kar na jinin ya bi ya fice. Likita Willem Kolff ne ya ƙera na'urar farko a Holan a 1943 ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, da ledar selofen irin ta naɗe tsiran Turawa, sai a 1945 aka samu mara lafiya ta farko da ta rayu ta dalilinta.

Albumin ɗin nan da ke zama a jini shi ne ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyi, in ya yi ƙasa ruwa na tsiyaya cikin nama ƙafa ta kumbura. In ka ji likitoci na cewa a sa ruwan kiristaloyid ko na koloyid, kalmomin Graham ne suke maimaitawa, ruwan gishirin nan na leda mai kashi 0.9 cikin ɗari shi ne na farkon. Abin da aka ce wa Baba na rage gishiri da auna ruwan sha da kiyaye abinci mai fotasiyam a kiyaye shi sosai, saboda tsakanin wanki da wanki ƙodar ba ta iya fitar da su yadda ya kamata, taruwa suke a jiki har ranar da za ku koma.